Makin da Na Ba Dogo

Litinin, da yamma

Yau Manaja ya kira ni ofishinsa ya ce in turo ƙofa. In aka ce in turo ƙofa na san ba ƙarin girma za a yi min ba.

Maganar Dogo ce. Kwamiti zai zauna a kansa ƙarshen wata, kuma makin da na ba shi za a ɗora a tebur. In makin ya tsaya yadda yake, Dogo ya bar aiki ke nan. Sai Manaja ya juyo min da kwamfutarsa. Gefe ɗaya makina, ja wur daga sama har ƙasa. Ɗaya gefen gwajin Injiniya, kore shar. Rubutun mutum ɗaya fa. Ni na ce ba a gane shi, wakili kuwa, wato manhajarmu, ya karanta ya yi aiki da shi, ko tuntuɓe bai yi ba.

Sakin baki na yi ina kallo. Tunda na kama aikin nan ban taɓa ganin irin wannan ba.

Bari in shimfiɗa wa kaina abin, ko zan ga inda aka samu tangarɗa. Kamfaninmu na aika kaya ne. Muna da wakili, manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira, shi ke amsa wa masu kaya, kuma ya yi musu aikin da kansa: ya duba inda ƙunshi yake, ya tsayar da shi, ya sauya adireshi, ya soke aike. Kowane aiki da kayan aikinsa. Sai dai wakili ba ya ganin kayan aikin, bayanin da aka rubuta a kansu kawai yake karantawa, da shi yake zaɓe. In bayani ya yi duhu, sai ya soke abin da aka ce ya tsayar, maganin wata baiwar Allah ya koma inda ya fito. Dogo ke rubuta bayanan, tunda aka raba aiki sababbin duk nasa ne. Injiniya ya jefa wa wakili buƙatun masu kaya iri-iri ya ga ko zai ɗauki abin da ya dace. Ni kuma in auna rubutun da ido. A ofis Jan Biro suke ce min a bayan idona, wai su a dole ban sani ba.

Manaja ya ce, "Malama, na fi yarda da ke a kan injin nan. Sau nawa kina kama abin da gwaji ya tsallake? Amma ki sake dubawa, abincin mutum ne."

Na ce masa makina makina ne.

Talata, da safe kafin in fita

Abin da Manaja bai sani ba shi ne ba ni kaɗai nake ba da makin ba.

Ni na san kayan aikin nan kamar yunwar cikina, shi ya sa idona ba abin yarda ba ne. Ko shirme aka rubuta, kaina zai cike gurbin in ga kamar ya fita. Ana bukatar kunnen da bai san komai ba, irin na wakili. Kunnen nan kuwa a gidanmu yake, a baranda, kan kujerar katako.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana riƙe da ɗakin ajiyar kayan aiki a masana'anta. Shi ke rubuta wa kowane inji takardar da sabon ma'aikaci zai karanta kafin ya taɓa shi, kuma har yau yana alfahari ba wanda ya rasa yatsa a kan rubutunsa. Tun rasuwar Inna ni da shi ne a gidan. Kullum na dawo sai in zauna gefensa in karanta masa bayani sau ɗaya tak, don wakili ma ba ya cewa a maimaita. Sai in ce, "Baba, me wannan yake yi? Yaushe ne ba za ka taɓa shi ba? Me zai nema a hannunka?" In ya amsa daidai, bayani ya ci. In ya ɗaga gira ya ce, "Uwata, wanda ya rubuta wannan da kansa yake magana," na san inda zan sa ja.

Shi ya taɓa kama kuskure a bayanin soke aike. Ya ce, "In na danna sannan na yi nadama fa? Bai ce min komai ba." Gwajin Injiniya bai ga wannan ba. Sunan da na yi a ofis daga barandar nan ya fito.

Watannin nan duk abin da Dogo ya rubuta Baba ba ya gane shi. To me ake so in yi?

Laraba, da rana

Dogo ya zo teburina. Mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis, amma in yana magana da ni sai ya ƙara ranƙwafawa, har kunya ta kama ni. Matarsa na da tsohon ciki, kowa ya sani.

Ya ce, "Anti, ba gardama na zo yi ba. Ki nuna min inda ba a gane ba in gyara."

Ya karanta min da kansa, a hankali:

"Wannan yana tsayar da ƙunshi a ma'ajiya kafin a ɗora shi a mota. Ba ya soke aike, mai kaya zai iya cewa a ci gaba duk lokacin da ya so. In an riga an ɗora ƙunshin a mota kada a yi amfani da shi, a ɗauki na juyo da kaya. Yana buƙatar lambar ƙunshi, ba lambar wayar mai kaya ba. Zai dawo da sunan ma'ajiyar da ƙunshin ya tsaya."

Ya ɗago yana jira. Na nemi inda zan sa yatsa na rasa. Haushi ya kama ni, na ce masa ni ba malamar firamare ba ce, ya je ya karanta da kunnen wanda bai san aikin ba. Ya ce to, ya gode. Godiyar ta fi zagi ciwo.

Laraba, da yamma

Na tarar da famfon tsakar gida a buɗe, ruwa har bakin ƙofar ɗakina. Baba ya ce ba shi ya buɗe ba. Gajiya ce, ba ya samun barci sosai kwanan nan.

Juma'a, bayan na dawo

Dogo ya gyara bayanin, ya rage shi, ya sa "ba ya soke aike" a farko. Na karanta wa Baba.

Na ce, "Me yake yi?"

Ya murza hannun kujera. Can ya ce, "Na soke kaya ne."

Na ce, "Baba, maganar farko fa."

Ya ce, "To ai ya ambaci sokewa. Da wata mota. Motar wa?"

Sai ya yi tsaki ya ce yaran yanzu ba su iya jera magana ba, su kamo nan su kamo can. Na ce gaskiya ne. Na buɗe kwamfuta zan sa ja, hannuna ya tsaya a sama ya ƙi sauka. Daga baya na sa.

Sau biyu ya tambaye ni ko na ci abinci, alhali tare muka ci.

Asabar, da hantsi

Gilashin idon Baba a cikin firji. Gajiya ce.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo da yaransa. Da za su tafi ya ja ni gefen mota ya ce, "Uwar Baba, ke da kike tare da shi, ba ki lura da komai ba?"

Na ce lura da me?

Ya ce Baba ya ba shi labarin injin da ya kama rigar wani ma'aikaci, ya gama, suka sha shayi, ya sake ɗauko shi daga farko kamar sabo.

Na ce masa tsofaffi duk haka suke, shi ma da bai tsufa ba sau nawa ya ba mu labarin ranar da ya ci jarrabawar tuƙi? Ya ce ba wasa yake ba. Na ce ni ma ba wasa nake ba, mutumin da yake zuwa sau ɗaya a wata da ledar lemo ba shi zai faɗa min waye Baba ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Yaransa suna kallonmu ta gilashin mota.

Ya ce zai nemi ganin likita ko na yarda ko ban yarda ba. Na ce ya nema wa kansa.



Talata, da yamma

Na yi wani abu yau.

Akwai bayanin da wata tsohuwar ma'aikaciyarmu ta rubuta bara kafin ta bar kamfanin, na sauya adireshi. Ranar da na karanta wa Baba shi, ya amsa tambayoyin tun kafin in rufe baki, ya buga hannun kujera ya ce, "Wannan da a masana'anta take da na ba ta makullin ɗakin ajiya." Shi nake nuna wa duk sabon ɗauka a matsayin abin koyi.

Na ɗauko shi yau na karanta masa kamar sabo ne. Ni da zuciyata so nake in rufe bakin Yaya.

Na gama. Na ce me yake yi?

Ya ce, "Sake karantawa."

Baba bai taɓa cewa a sake ba. Shi ne ma ya kafa dokar. Na sake. Ya kalli bango, ya kalle ni, ya ɗaga gira.

"Uwata, wanda ya rubuta wannan da kansa yake magana."

Na ce masa zan duba tukunya. Babu tukunya a wuta.

Laraba, da safe

Ban je aiki ba.

Laraba, da rana

Na buɗe duk bayanan Dogo na karanta su da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki. Babu na yarwa a ciki. Wasu ma sun fi na tsohuwar ma'aikaciyar nan.

Alhamis, da yamma

Injiniya ya tsayar da ni wajen tulun shayi na ofis. Ya ce ya sake gwajin da wasu buƙatun masu wuya, har da masu kayan da ba su san abin da suke so ba, irin masu cewa a tsayar kuma a soke kuma a kawo gobe. Wakili bai ruɗe ba. Ya ce, "Ba ƙure ki nake ba, Malama, so nake in koya. Me kike gani da injin ba ya gani?"

Na ce sirrin sana'a ne. Ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Me zan ce? In na janye makin sai an tambaye ni dalili. In na faɗi dalili sai na ambaci Baba, a ɗakin taro, gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa yana gyara agogon bango da tsinken ashana ba. Za su yi min wannan kallon, su sunkuyar da kai su ce sannu. Kuma in na faɗa da bakina shi ke nan ya tabbata.

Tsoro nake ji. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka kwantar da Inna.

Asabar, da hantsi

Yau lafiya lau. Baba ya gyara min maganar da na yi wa mai kawo ruwa, ya tuna sunan abokin aikinsa da ni ma na manta. Ya yi min ba'a wai shayina ruwan wanke kofi ne. Watakila dai gajiyar ce. Watakila ranar Talatar ce ba ta zo masa da kyau ba.

Asabar, da yamma

Ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga unguwa.

Litinin, da rana

Kwamiti ya zauna.

Manaja ya ce, "Malama, kin sake dubawa?"

Na ce na duba.

"Makin ya tsaya?"

Wallahi na buɗe baki. Dogo yana can ƙarshen tebur ya haɗa hannuwa, gwiwoyinsa sun tokare katakon. Injiniya ya ajiye takardunsa kore shar a gabansa yana kallona.

Kai na gyaɗa.

Injiniya ya yi magana, ya daɗe yana yi. Manaja ya ce ya ji, amma inji yakan ci jarrabawa ya faɗi a gaban mai kaya, kuma Malama ba ta taɓa ba shi kunya ba. Abin da ya faɗa ke nan. Ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Dogo ya kwashe kayansa a kwali ɗaya. Kofinsa, da matashin da yake jingina bayansa. Da ya zo wucewa ta teburina ya ce, "Anti, a yafe mu." Ban iya ɗago kai ba.

Talata, da safe

Ni na yi wannan. Ni.

Talata, da yamma

Baba ya ce, "Yau babu karatu?" Na ce babu sabon aiki. Ya ce to, ya ci gaba da kallon ƙofar gida.

Alhamis, da yamma

Yaya ya kai mu wajen likita. Ban yi gardama ba, na sa mayafi na shiga bayan mota.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta faɗa wa Baba wasu kalmomi ta ce ya riƙe mata su. Ta yi ta jansa da hira kan masana'anta, yana ba ta amsa yana jin daɗi. Sannan ta ce ya mayar mata da kalmominta. Ya kalle ni. Na kalli takalmina. Ta ba shi takarda ya zana agogo. Ba zan rubuta abin da ya zana ba. Ta kira mu gefe ta faɗi sunan abin, shi ma ba zan rubuta ba.

A hanyar dawowa cunkoso ya tsayar da mu. Can Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Uwata, likitar nan aikinku ɗaya."

Na ce ta yaya, Baba?

"Ta faɗi magana sau ɗaya ta ce in mayar mata. Maganar tata kuwa babu duhu a ciki. Na ji ta sarai lokacin da ta faɗa. Da na juya in ɗauko sai na tarar babu."

Yaya ya ce, "Baba, ai kowa yakan manta."

Ya ce, "Yi tuƙinka."

Motoci suka matsa kaɗan suka sake tsayawa. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya dafa kujera ya dube ni da idon nan nasa na da, wanda ba a yi masa ƙarya.

"Abin nan da kike karanta min. Da maganata kike ba da maki?"

Na ce eh.

"Mutum nawa na kayar?"

Na ce ɗaya ne, Baba. Ya ce me ya same shi? Na faɗa masa. Na faɗa masa har cikin matar.

Ya yi salati a hankali. Ya ce, "Kuma kin sani kafin a sallame shi?"

Na gyaɗa kai. Ya juya ya fuskanci titi. Sai da muka shiga layinmu ya ce, "Gobe ki je ki faɗa musu. Kar ki ce kuskure aka samu. Ki ce tsohon da kike aunawa da shi ne ya daina riƙe magana. Ba abin kunya ba ne, inji ma yakan ci lokacinsa. Sannan ki kawo min yaron in ba shi haƙuri, tun ina tuna dalili."

Yaya ya tsayar da mota a ƙofar gida ya kifa kai a sitiyari.

Juma'a, da rana

Na faɗa wa Manaja. Ni na turo ƙofar da kaina.

Ya cire gilashi ya ajiye. Ya ce, "Duk shekarun nan mahaifinki kike karanta wa aikin kamfani?" Na ce eh. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce na san abin da na jawo masa wajen na sama? Na ce na sani. Ya ce daga yau na ajiye ba da maki sai abin da kwamiti ya gani, Dogo kuma za a kira shi ya dawo, in ya yarda.

Duk wannan na shanye shi tsaf. Sai da na kai ƙofa ya ce, "Malama, Allah ya ba shi lafiya." A nan ne kuka ya ƙwace min.

Asabar, da yamma

Dogo ba ya ɗaukar wayata. Na tura masa saƙo na faɗi komai, har abin da Baba ya ce. Na ga ya karanta.

Baba ya tambaya da safe ko yaron ya zo. Da rana ma ya tambaya.

Lahadi, da yamma

Bai tambaya ba yau.

Talata, da yamma

Na dawo na tarar da wasu manyan takalma a bakin baranda.

Ashe Dogo ya koma aiki tun jiya, a wani ɓangaren aka zaunar da shi shi ya sa ban gan shi ba. Daga ofis ya biyo, ya riga ni isowa. Yana zaune a ƙasa gefen kujerar Baba, a wurina, ya naɗe ƙafafun nan nasa da kyar. Baba ya sa an kawo masa ruwa, yana ta yi masa ba'a wai da a masana'anta yake da ba su sayi tsani ba. Dogo yana dariya. Da ya gan ni ya ce, "Sannu da zuwa, Anti," bai ƙara komai ba.

Na zauna a bakin ƙofa ina jiran Baba ya fara. Na yi gyaran murya. Na ce, "Baba, shi ne fa. Wanda ka ce in kawo maka."

Ya dube ni, ya dubi Dogo, yana murmushi irin na mai masauki.

Ya ce, "Madalla. To ɗana, me ke tafe da kai?"

Dogo ya kalle ni. Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, aikina aka mayar min. Na zo in yi maka godiya."

Baba ya ce, "Kai, alhamdulillahi. Allah ya sa albarka. Amma wa ya raba ka da shi tun farko?"

Dogo ya ɗauki kofin ruwan ya juya shi a hannu.

Ya ce, "Ban riƙe sunansa ba, Baba."